Lacca: Daga Ina Kalmar OK Ta Fito?

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Ɗazu a bakin ƙofa na ji wani yana waya, yana ta cewa "oke, oke, sai na zo." Ba na jin ya ma san Turanci yake yi. To, a kan wannan kalma zan yi magana.

An fara ganinta a buge ranar 23 ga Maris, 1839, a jaridar Boston Morning Post ta Amurka. A lokacin wani yayi ya shigo garin Boston: a ɓata rubutun kalma da gangan, sannan a taƙaita ta don raha. Sai "all correct", wato komai daidai, ta koma "oll korrect", aka tsinto O da K. Tana da 'yan uwa irin su O.W. ("oll wright", wato "all right"), amma duk sun bi ruwa. Ita me ya raya ta? Siyasa. A zaɓen 1840 ana yi wa shugaba Martin Van Buren laƙabi da Old Kinderhook, saboda garinsu Kinderhook a jihar New York, magoya bayansa kuma suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Ya sha kaye, amma haruffan sun riga sun zauna a bakin jama'a.

Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono wannan tarihi a 1963 da 1964. Akwai masu cewa daga harshen Choctaw, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka, ta fito, wasu su ce Wolof na Senegal. Ni dai ina bayan Read, domin shi ya kawo jarida da kwanan wata.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ma'anarta. OK ba yabo ba ce, ba kuma fallasa ba. Ka tambayi Bature yaya abinci, ya ce OK, to ya ciwu ne kawai, kada mai girki ta sa ran tukuici. Mutum ya faɗi a hanya, a tambaye shi da ita, ana nufin lafiya dai ko? Shugaba ya rubuta ta a gefen takarda, an amince ke nan. Ku lura da "to" ɗinmu: ka faɗe ta a gajarce, yarda ce; ka ja ta, "tooo", akwai magana a ƙasa. Haka OK take, muryar mai faɗa ce ke nuna inda ya dosa.

Bari in tsaya nan, in ji tambayoyinku.