Hayar mahaifa: wace ce uwar jaririn?

Assalamu alaikum, masu kallonmu na Damagaram da kewaye. Batunmu na yau shi ne hayar mahaifa, wato likitoci su haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje, su dasa a mahaifar wata mace dabam, ta raini cikin har ta haihu, sannan ta miƙa jaririn ga ma'auratan. Hanyar ta buɗe ne bayan 1978, shekarar da aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa cikinta a wajen jikin uwa.

Duk wanda ya san gorin da ake yi wa matar da ta shekara goma a ɗakin miji ba ta ko ɓatan wata, ana kiranta juya, uwar miji tana zancen ƙarin aure a gabanta, ba zai raina mai neman mafita ba. Sai dai mafitar nan tana zuwa da tambayar da yarjejeniya a takarda ba ta iya kashewa: mai ƙwai ce uwa, ko wadda ta yi naƙuda?

Ƙasashe sun rarrabu. Faransa ta rubuta a dokarta tun 1994 cewa duk yarjejeniyar ɗaukar ciki a madadin wani ɓatacciya ce. A Ingila an yarda da ita muddin ba kasuwanci ba ce, amma wadda ta haihu ita ce uwa har sai kotu ta mayar da matsayin ga ma'auratan. Afirka ta Kudu ta shardanta cewa babbar kotu ta amince da yarjejeniyar kafin a dasa cikin. Indiya kuwa, wadda ta daɗe tana karɓar baƙi masu neman mahaifa mai araha, ta rufe musu ƙofa a 2015, kuma a 2021 ta haramta biyan kuɗi a kan aikin, bayan an ga cewa mata talakawa ne suke ɗaukar haɗarin fiɗa da zubar jini, dillalai da asibitoci suna kwashe mafi tsoka. A ganina, yardar da talauci ya tilasta ba cikakkiyar yarda ba ce.

Jaririn ma yana shan wahalarsa. A 2014 an bar wani yaro mai suna Gammy, wanda aka haifa da lalurar galahanga irin wadda ake kira Down syndrome, a hannun matar da ta haife shi a Tailan, alhali ma'auratan da suka yi hayar mahaifarta sun koma Ostireliya da ƴar tagwaicinsa. Shekara guda bayan haka Tailan ta hana baƙi wannan harka.

A ɓangaren addini akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi gidajenmu kai tsaye. A 1984 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta halatta sura ɗaya tak: a dasa cikin a mahaifar kishiya, tunda miji ɗaya ne, kuma da yardarta. A 1985 malaman suka sake zama, suka janye fatawar. Hujjarsu ita ce kishiyar matar aure ce, tana iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin dashen. Idan ɗaya ya zube ɗaya ya rayu, ko aka haifi biyu, nasaba ta ɓangaren uwa ta rikice, gado da muharramaka su bi ta. A 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta haramta dashen a mahaifar kowace mace in ba mai ƙwan ba. Malaman da ke ganin mai naƙuda ce uwa suna kafa hujja da aya ta 2 a Suratul Mujadala, wadda ta ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su. Wasu malaman Shi'a a Iran sun halatta, kuma ana yi a can.

A Nijar, shari'ar aure da nasaba da gado tana bin al'adar masu ƙara, wadda a Damagaram ta ginu kan mazhabar Malikiyya. Saboda haka wanda ya ƙulla yarjejeniya a ƙasar waje ya dawo da jariri, rigimar tana jiransa a wuri biyu: wajen yin takardar haihuwa, da ranar rabon gado a gaban alƙali. Rubuta wa mace ɗan da ba ta haifa ba laifi ne a dokar ƙasa, kuma da shi aka tuhumi manyan mutane a Yamai a 2014, a shari'ar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya.

Ƙofar da ta rage a buɗe ga ma'aurata ita ce dashen ƙwan matar da maniyyin mijinta a mahaifarta, matuƙar igiyar aure tana nan, wanda majalisar Amman ta halatta idan akwai larura. Akwai kuma riƙo, wanda iyayenmu suka saba da shi: yaro yana tashi a ɗakin gwaggonsa ko innarsa da sunan mahaifinsa, ba ya gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa kyauta tun da rai, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.