Tuba da Alherin Allah: Wanne Ne Yake Fara Zuwa?

Akwai wata tambaya da take yawo a tsakanin Kiristoci masu bi a kwanakin nan, ko da yake tsohuwa ce ƙwarai. Idan ceto kyauta ne, me ya kawo maganar tuba? Idan kuwa sai mutum ya tuba ake gafarta masa, to ina kyautar take? Ruɗanin ya samo asali ne daga wuri guda, wato jerin abin da yake fara zuwa da abin da yake biyo baya, kuma a nan za mu daɗe.

Ma'anar kalmar ba ta da wuya. A Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, kalmar da aka fi amfani da ita tana nufin juyowa, kamar matafiyin da ya gane ya saki hanya. A Helenanci, harshen Sabon Alkawari, tana nufin sauyin tunani da zuciya. Kuka da nadama suna iya rakiyar tuba, amma su kaɗai ba su isa ba, domin Yahuza Iskariyoti ma, almajirin da ya ci amanar Yesu, ya yi nadama har ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, kamar yadda Matiyu 27 ya nuna, duk da haka bai komo wurin Ubangijinsa ba.

[Hoto: saurayi a cikin tsummoki, yana tafe shi kaɗai a hanya]

Mu dubi misalin da Yesu ya bayar a Luka 15, na wani mutum mai 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ɗa ya karɓi rabon gādonsa tun mahaifinsa yana da rai, ya tafi wata ƙasa mai nisa, ya fallasar da dukiyar, yunwa ta kai shi ga kiwon aladu. Da hankalinsa ya komo, sai ya shirya jawabi mai gaɓa uku: na yi wa Sama zunubi, na kuma yi maka, ban isa a ƙara kirana ɗanka ba, ka ɗauke ni kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodagonka. Ku lura da gaɓa ta uku da kyau, domin ciniki ne ya zo yi. Yaron yana so ya yi aiki ya biya bashinsa, ya sayi matsayinsa da guminsa, kuma ina ganin yawancinmu haka muke fahimtar tuba ba tare da mun sani ba.

Tun yana nesa mahaifin ya hango shi, tausayi ya kama shi, ya sheƙa a guje ya rungume shi ya sumbace shi. Duk wannan ya faru ne kafin yaron ya buɗe baki. Da ya fara jawabin kuwa, ya faɗi gaɓa ta farko da ta biyu, amma a aya ta 21 ba mu ji ta ukun ba, domin mahaifin ya riga ya juya wurin bayinsa yana cewa a kawo riga mafi kyau, a sa masa zobe a hannu da takalma a ƙafa, a yanka kiwataccen maraƙi. Mai wa'azi da zai shirya jawabi tun daga nisan duniya a kuma katse shi a tsakiya, lalle zai ji haushi, amma wannan yaro bai yi asarar komai ba.

[Rubutu a allo: Romawa 2:4; Afisawa 2:8-9]

Abin da Manzo Bulus ya koyar ke nan a ayoyin da kuke gani. Alherin Allah ne yake jawo mutum zuwa ga tuba, ceto kuma ta wurin alheri ne, ta hanyar bangaskiya, ba don ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Ko juyowar da yaron ya yi, tunawa da yalwar gidan mahaifinsa ce ta haife ta.

Ikkilisiya ta sha fama da wannan batu. Wani malamin addini mai suna Felajiyus ya koyar cewa mutum yana iya yi wa Allah biyayya da ƙarfin nufinsa, Agustin bishop na birnin Hippo a Arewacin Afirka ya yi tsayayya da shi, taron bishop-bishop na birnin Kartej na shekarar 418 kuma ya ƙi koyarwar Felajiyus. A 1517, a Jamus, batu na farko cikin batutuwa 95 na Martin Luther, wanda ya fara tafiyar Furotesta, ya ce dukan rayuwar mai bi tuba ce. Har yau Katolika da Furotesta sun bambanta a kan furta zunubi a gaban firist, amma dukansu sun yarda cewa alheri ne yake fara aiki.

Wani zai ce, ashe ke nan mutum ya ci gaba da zunubinsa hankali kwance. Bulus ya ɗauko wannan tambaya da kansa a Romawa 6, ya amsa da cewa sam. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya isa shaida. Yana bisa itace Yesu ya kira shi da sunansa, ya ce a gidansa zai sauka, alhali Zakka bai yi alkawarin komai ba tukuna. Bayan haka ne ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Tubar ta taɓa aljihunsa sosai, sai dai ta zo ne bayan an riga an karɓe shi.

[Hoto: gida cike da kiɗa da rawa, mutum ɗaya tsaye a waje]

Wanda kuke gani a ƙofa shi ne babban ɗan. Ya dawo daga gona, ya ji kiɗa, ya husata ya ƙi shiga, yana ƙirga shekarun da ya yi yana bauta ba tare da ya taɓa ƙetare umarni ba, ko ɗan akuya kuwa ba a taɓa ba shi ba. Shi ma lissafin ɗan ƙodago yake yi a gidan ubansa. Mahaifin ya fito wurinsa kamar yadda ya fito wurin ƙanensa, ya yi ta rarrashinsa, Luka kuma ya rufe labarin a aya ta 32 ba tare da ya gaya mana ko ya shiga ba.