Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Taron Ƙaddamar da Gangamin Matasa na Yaɗa Alheri a Intanet

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe, iyayenmu maza da mata, malamanmu masu daraja, 'yan jarida, 'yan'uwana matasa. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin shugabanni da mambobin wannan ƙungiya tamu ta matasa masu aikin jinƙai, ina yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Lale marhabin da kai da tawagarka. Mun san yawan hidimar da ke kanka, mun kuma san da ka aiko wakili ma ba wanda zai ga laifinka. Amma ka tako da ƙafarka, ka zo ka zauna a tsakiyar yaran da yawancinsu ka haife su. Wannan karamci ya shiga ranmu ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, mutane sun saba ganinmu a bakin gadon marasa lafiya da wajen marayu. Da muka ce a wannan karon aikinmu a intanet zai kasance, an yi ta tambayarmu abin da ya haɗa aikin jinƙai da wayar hannu. Ka ba ni dama in amsa da abin da ya faru a ɗakinmu, domin daga nan ni dai na fara fahimtar lamarin.

Ina da ƙanwa. Tana da shekara 15 aka tsayar da ita gaban 'yan makarantarsu ta karanta wani jawabi. Harshenta ya sarƙe a kan kalma ɗaya, ta maimaita, ya sake sarƙewa, muryarta ta kama rawa. Wani ɗan ajinsu ya ɗauki bidiyo, ya jefa a guruf ɗin aji. Kafin dare wani ya ɗora masa kiɗa, wani ya laƙaba mata suna, bidiyon ya fita daga aji ya faɗa hannun mutanen da ba su taɓa ganinta ba. Mu a gida ba mu san wainar da ake toyawa ba. Abin da muka lura da shi kawai, ta koma kife wayarta a kan katifa, kuma duk sa'ad da wayar ta yi motsi sai ka ga ta zabura. Da safe ta ce kanta ke ciwo. Kayan makarantarta a goge, a rataye jikin ƙofa, ta kasa saka su. Sai da aka yi makonni kafin ta miƙo mini wayar, ta juya fuskarta ga bango.

Na zauna na bi saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman masu zagin, sai na tarar ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk masu saka alamar dariya ne, da masu turawa gaba, da waɗanda suka karanta suka yi gum. Ashe ita tuni ta buɗe wurin da ke nuna waɗanda suka karanta saƙo, ta bi sunayen kaf. Ta ce mini, "Yaya, kowa ya gani. Har da ƙawata." Ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin masu zagin ba. Shirun waɗanda take ganin nata ne ya fi yi mata ciwo.

Abin da ya mayar da ita makaranta kuma ba faɗan da na yi niyyar zuwa in yi ba ne. Wata yarinya ce, wadda ba ma ƙawarta ta kusa ba, ta rubuta a guruf ɗin: "Don Allah ku bari haka nan, abin ya isa. Kowa na iya yin tuntuɓen harshe." Sannan ta bi ta da saƙo ita kaɗai: "Gobe zan jira ki a bakin ƙofa, mu shiga tare." Ta kuwa jira ta. Bayan saƙon nan mutum biyu suka goyi bayanta, wanda ya ɗora bidiyon ya goge, maganar ta mutu. Saboda irin wannan yarinya muka tara ku a yau. Muna son ta yi yawa.

Kuma ba ƙanwata kaɗai ba ce. A shekarar 2019 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar da sakamakon jin ra'ayin matasa sama da 170,000 masu shekara 13 zuwa 24 a ƙasashe 30. Ɗaya cikin uku ya ce an taɓa cin zarafinsa a intanet, ɗaya cikin biyar kuma ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda irin wannan tsangwama. Idan ka dubi kujerun ɗakin nan, ranka ya daɗe, ka ƙirga matasa uku uku, za ka ji nauyin wannan adadi. Tsokana tsakanin yara ba yau aka fara ba, iyayenmu ma sun sha ta. Bambancin shi ne a da idan aka tashi daga makaranta yaro ya samu sa'ida, gida mafaka ne. Yanzu masu tsokanar suna cikin aljihunsa, suna bin sa har kan shimfiɗarsa da tsakar dare. Kuma abin da aka ɗora ba ya ruɓewa. Ko an goge, wani ya riga ya adana. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to a intanet bunun da aka zara iska ce ke kwasarsa zuwa inda mai shi bai taɓa zato ba.

Me ke sa yaro mai ladabi, wanda zai durƙusa ya gaishe ka, ya koma wani mutum daban idan ya riƙe waya? Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, John Suler, ya yi bayanin wannan tun 2004. Ya nuna cewa idan mutum ya ɓoye sunansa, ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa magana, kuma amsa ba nan take za ta dawo masa ba, sai takunkumin da ke bakinsa ya kwance. Ido shi ke da kunya. A zaune gaba da gaba, da ka ga idon mutum ya ciko da ƙwalla za ka ja bakinka. A waya ba ka ganin ƙwallar, abin da kake gani shi ne yawan waɗanda suka yi dariya, sai ka ƙara wata.

Su ma manhajojin an gina su ne don su riƙe hankalin mutum, kuma abin da ke tayar da jijiyar wuya ya fi saurin jan jama'a. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu tura shi gaba da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne ummul-haba'isin wannan gudu, ba na'urorin da aka saita su riƙa tura saƙo da kansu ba. Mu ne, da yatsunmu. Wannan magana tana da ɗaci, amma ni a cikinta nake ganin mafita, domin abin da yatsa ya tura, yatsa na iya tsayar da shi.

Akwai shaida a kan haka. A Kanada an taɓa sa ido a kan yara a filin wasan makarantun firamare, aka wallafa sakamakon a 2001. A mafi yawan lokutan da ake cin zalin yaro, akwai wasu yaran a tsaye suna kallo, amma ba kasafai suke sa baki ba. Sa'ad da kuwa wani ya sa baki, a fiye da rabin lokutan cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Kamfanin Twitter ma ya gwada wani abu mai sauƙi: idan mutum ya rubuta amsa mai zafi, sai a tambaye shi ko zai sake dubawa kafin ya aika. A 2021 kamfanin ya ce kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tambayar sun gyara maganarsu ko sun fasa aikawa gaba ɗaya. Tambaya ɗaya tak, daga na'ura. Ina ga a ce aboki ne ya yi ta?

Shi ya sa gangaminmu bai sa mai zagi a gaba ba, duk da cewa shi ma ba mu yar da shi ba, don sau da yawa yaro ne da ke ɗauke da nasa ciwon. Mai kallo muke nema, wanda ya ga abin, ransa bai so ba, amma ya rasa ta cewa ko ya ji tsoron a juyo kansa. Za mu shiga makarantu da wuraren da matasa ke taruwa mu zauna da su, ba wa'azi za mu yi musu ba, gwaji za mu yi tare: ga saƙo an ci mutuncin wani, me za ka rubuta? Wanda ba zai iya magana a bainar jama'a ba, mu nuna masa cewa saƙo ɗaya a keɓe, "na gani, ban ji daɗi ba, ina tare da kai," yana iya zama igiyar da mutum zai riƙe. Za mu koya musu yadda ake adana shaida kafin a goge, yadda ake kai rahoto a cikin manhaja, yadda ake toshe mai asusun bogi, da lokacin da abu ya fi ƙarfin yara, dole a sanar da babba, musamman idan an kai ga barazana ko ana neman tozarta mutum da hotunansa. Muna kuma horar da 'yan sa-kai da za su saurari wanda abin ya shafa ba tare da sun ɗora masa laifi ba. Za mu haɗa ayyukanmu da Ranar Intanet Mai Aminci da ake yi kowane watan Fabrairu tun 2004, da kuma Alhamis ta farko a watan Nuwamba, wadda hukumar UNESCO ta ware domin yaƙi da cin zali a makarantu har da na intanet. Amma aikin na kullum ne.

Bari in kawar da wani zato. Alherin da muke kira gare shi ba yana nufin a ga ɓarna a kama baki ba. Matasa suna da haƙƙin su soki abin da ba daidai ba, su yi muhawara, su tambayi shugabanni. Abin da muke cewa, ka kama maganar mutum ka warware ta, ka bar masa iyayensa, da ƙabilarsa, da addininsa, da halittar jikinsa. A addinin da na tashi a ciki an koya mana cewa kyakkyawar magana sadaka ce, kuma na tabbata duk wanda ke ɗakin nan, kowace irin tarbiyya ya samu, an koya masa makamancin haka. Sadaka ce da ko wanda ba shi da ko sisi yake iya bayarwa, shi ya sa muka ga ta dace da matasa.

Iyayenmu, ina da roƙo a gare ku, kuma da ladabi nake yin sa. Da na tambayi ƙanwata dalilin da ya sa ta ɓoye mana, cewa ta yi tsoro take a ƙwace wayar, a kuma ce ita ta jawo wa kanta. Yara da yawa haka suke lissafi. Idan ɗanku ya zo muku da kuka, ku fara sauraro kafin hukunci. Wayar nan ita ce inda abokansa suke, inda darasinsa yake. Ƙwace ta daga hannun wanda aka zalunta tamkar hukunta shi ne sau biyu, kuma gobe ba zai sake faɗa muku ba.

Ranka ya daɗe, gwamnatoci sun fara motsawa. Birtaniya ta kafa dokar kare masu amfani da intanet a 2023, Ostireliya kuma a ƙarshen 2024 ta amince da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan kafafen sada zumunta. Tun 2021 kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa haƙƙin yaro yana nan daram a intanet kamar yadda yake a fili. Muna maraba da duk dokar da za ta sa kamfanoni su ɗauki alhakin abin da ke gudana a dandalinsu. Sai dai doka tana iya hukunta wanda ya yi ƙazafi, amma ba za ta iya sa yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran 'yar ajinsu ba. Wannan sai tarbiyya da koyi.

A nan ne muke buƙatarka, fiye da buƙatarmu ga kowace irin gudummawa. Yara suna kallon manya. Suna ganin yadda magoya bayan manyan mutane ke yi wa juna ruwan ashar a kafafen sada zumunta, kuma suna ganin ba a tsawata musu. Idan mutum mai daraja irinka ya fito ya ce bai yarda a zagi kowa da sunansa ba, ko da mai sukarsa ne, maganar za ta je inda tamu ba za ta kai ba ko da mun shekara muna yi. Muna kuma roƙonka ka yi mana jagora wajen masu kula da makarantu, domin a samu aƙalla malami ɗaya a kowace makaranta da yaro ya san zai iya zuwa wurinsa da wayarsa a hannu, a saurare shi cikin sirri.

Ƙanwar tawa tana cikin ɗakin nan, ba zan nuna ta ba. Da izininta na ba da labarinta, kuma ita ce ta kawo shawarar yadda za a buɗe wannan gangami. Ta ce kada a yanka ƙyalle. Bayan ka kammala jawabinka, za mu roƙi kowa ya ciro wayarsa, ya tuna wani mutum ɗaya da ya taɓa ganin an yi masa ca a intanet shi kuma ya yi shiru, ya aika masa da kalma mai daɗi. Muna fatan saƙon farko ya fito daga hannunka.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Bismillah, ga lasifika.