Lacca: Numfashi ta baki da abin da yake yi wa fuskar matashi

Assalamu alaikum iyaye da malamai na Maradi. Ina roƙonku, daren yau ku haska fitila ku dubi ɗanku yana barci. Idan kuka ga bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun tsage, yawu ya jiƙa matashin kai, yana kuma minshari, to kada gobe ku tsawata masa da cewa ya rufe baki kamar ba shi da wayo, domin galibi hancinsa ne a toshe.

Abin da ke toshe shi yakan zama tsokar da ke can bayan hanci wadda ta yi girma, ko kumburin cikin hanci da ƙurar hunturu ke tayarwa, ko karkacewar bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu. A nan ina so in faɗi magana ɗaya da ta daɗe tana damuna: cire beli wurin wanzami ba ya buɗe hanci, domin beli ba shi ne ya tare hanyar ba, kuma yankan yana iya jawo zubar jini.

Yanzu ku rufe bakinku ku ji inda harshenku yake. Yana manne da ganɗa, kuma zamansa a wurin yana taimaka wa muƙamuƙin sama ya yi faɗi yayin da yaro ke girma. Wanda ya shekara da shekaru yana numfashi ta baki, harshensa yana kwance ƙasa, kumatu suna matse haƙora daga gefe, sai ganɗa ta ƙuntace ta yi zurfi, fuska ta yi tsawo, haɓa ta ja baya, haƙoran gaba na sama su turo waje, wani lokaci ma idan ya cije, turame su haɗu amma na gaba su bar rata. Gado yana da nasa rabo a siffar fuska, ban musa ba.

A wajen shekara 12 zuwa 13 yawancin yara sun fitar da haƙora 28 na girma, kuma ƙashin ganɗa bai gama haɗewa ba, saboda haka faɗaɗa shi ya fi sauƙi a lokacin fiye da bayan an girma. Ku fara kai yaron wurin likitan hanci da maƙogwaro, sannan likitan haƙori, domin idan aka jera haƙora da wayar ƙarfe alhali hanci yana toshe, suna iya komawa inda suka fito.