Darasi: Kafin ku sayi inji, ga abin da ƙungiyar ɗalibai masu ƙera motar tsere za ta fara yi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji a bayana, ƙannenmu ne ke yankan fayif a can ɗaya ɓangaren garejin, yanzu za su gama.

To, tun bayan darasinmu na baya saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: "Malam, mun taru mu goma sha biyar ko ashirin a jami'armu, muna son mu ƙera motar tsere, wane inji za mu saya?" Ni kuwa amsata ba ta canzawa. Ku ajiye maganar inji tukuna. Za mu zo kanta, amma ba ita ce farko ba, ba ita ce ma ta uku ba.

Ga wanda yau ya fara jin labarin, gasar ƙera motar tsere ta ɗalibai ta samo asali ne a Amurka, inda aka yi ta farko a 1981 a Jami'ar Texas da ke Austin, da sunan Formula SAE. Birtaniya ta fara tata a 1998, ana kiranta Formula Student, yanzu a filin tsere na Silverstone ake yinta. Jamus ta bi sahu a 2006 a filin tsere na Hockenheim. Ƙaramar mota ce mai kujera ɗaya, tayoyinta huɗu a waje, ɗalibai ne ke zana ta, su ƙera ta, su tuƙa ta. Malamin da ke kula da ƙungiya shawara kawai aka yarda ya bayar, ba shi da ikon zana ko da noti ɗaya.

Abu na farko da za ku yi, ku sauke littafin dokokin gasar da kuke nufin shiga, ku buga shi a takarda, kowa ya karanta. Na san yana da kauri, na san yana sa barci. Amma ku buɗe shafin rabon maki, shi kaɗai zai gyara muku tunani. Ga shi nan na rubuta a allo, na Amurka ne na shekarun nan, na Jamus ya ɗan bambanta. Maki 1000 ne gaba ɗaya. Daga ciki, 325 ana samunsu ne motar na tsaye cik, ko tayar da ita ba a yi ba: 150 na kare zanen mota a gaban alƙalai, 100 na lissafin abin da ƙera ta ya ci, 75 na gabatar da tsarin kasuwanci. Sauran 675 su ne na kan hanya. Gudun miƙe na mita 75, wanda kowa ke mafarkinsa, maki 100 ne kacal. Zagayen da'ira biyu masu siffar lamba takwas 75. Zagaye ɗaya na hanya mai kwana-kwana 125. Sai babban, tseren juriya na kilomita 22, shi ke da 275, kuma a cikinsa ne ake auna man da mota ta sha, a ba da wani 100.

Kun ga inda maganar take? Yawancin maki 375 ɗin nan suna rataye a kan abu guda, wato motar ta yi tafiyar kilomita 22 ba ta mutu ba. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin nan ya ga yadda ake turo motoci da hannu ɗaya bayan ɗaya, masu kyan gani, masu fuka-fukai, an kashe musu kuɗi da dare ba adadi. Motar da ba ta da sauri sosai amma ta kammala, sau da yawa tana gaban wadda ta fi kowa gudu a zagaye biyar na farko sannan ta yi shiru.

Yanzu bari in nuna muku wani abu. Mai kyamara, matso kusa. Kun ga wannan ɗan ƙarfen mai rami a tsakiya? Faɗin ramin milimita 20 ne, babban yatsana da kyar yake shiga. Doka ta ce duk iskar da injinku zai shaƙa sai ta bi ta nan, idan fetur kuke amfani da shi. Injin kuma kada ya wuce cc 710. To ko da kun samo injin babur mai silinda huɗu, irin na Honda CBR600RR ko Yamaha R6 da ƙungiyoyi da yawa ke sakawa, akwai inda iskar za ta kai gudun sauti a maƙogwaron ramin nan, daga nan ko kun taka totur har ƙasa ba ƙari. An shaƙe shi ke nan. Sannan hanyar kanta an tsara ta ne yadda matsakaicin gudu a tseren juriya ba zai wuce kilomita 48 zuwa 57 a awa ba, ƙololuwa wajen 105. Kwana ce kan kwana. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin ke zaɓar ƙaramin inji mai silinda ɗaya, cc 450, su rage nauyi, kuma su ci gasa da shi.

Tunda na taɓo inji, ga wani tarko da ke kama sababbi. Babur idan zai sha kwana kwantawa yake yi, saboda haka baƙin mai yana zaune a ƙasan inji inda famfo ke zuƙarsa. Mota ba ta kwantawa. Kuna shiga doguwar kwana, man zai gudu gefe guda, famfon ya zuƙi iska, cikin daƙiƙoƙi kaɗan inji ya buga. Maganinsa a sa faranti a cikin tukunyar man ya tare shi, ko a yi wa man tanki daban. Ku rubuta wannan ku ajiye.

To daga ina ake fara zane? Daga taya. Duk ƙarfin da mota ke da shi, na tashi, na birki, na kwana, ta wurare huɗu yake isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu ba. Ku fara yanke shawara, wili mai inci 10 ko mai inci 13. Na 10 ya fi sauƙin nauyi, amma cusa birki da sauran kaya a cikinsa wahala ce. Idan shekararku ta farko ce, ni dai 13 zan ce muku. Bayan taya sai direba. Ku samo katako ku haɗa kujerar gwaji, ku zaunar da mafi tsayi da mafi gajarta a cikin direbobinku, ku auna inda gwiwa take, inda sitiyari zai zauna, inda ƙafa ke kai wa birki. A wajen gasa akwai wani mutum-mutumin awo da ake kira Percy, mai girman dogon namiji, sai ya zauna a motarku an ga cewa akwai tazarar milimita 50 tsakanin hular kwano da layin da ya haɗa saman ƙarfunan kariya biyu, na gaba da na baya. Daga nan sai hannuwan da ke riƙe taya da shokozoba. Shasi shi ne kusan na ƙarshe, domin aikinsa ya haɗa waɗannan wurare da kuka riga kuka tsayar. Sababbi sukan juya abin, su fara walda shasi saboda shi ne ake gani ya yi kama da mota, daga baya a rasa inda za a ɗaura komai.

Kuma don Allah, shekarar farko ku yi shasin fayif na ƙarfe. Na san kuna kallon hotunan manyan ƙungiyoyi masu bodin kabon faiba kuna haɗiyar yawu. Su sun yi shekaru suna ɓata kaya kafin su iya. Fayif idan kun yi kuskure, ku yanke ku sake walda da yamma ɗaya.

Yanzu maganar mutane, wadda ta fi ta ƙarfe wuya. Za ku rabu rukuni-rukuni: masu shasi, masu ƙafafu da sitiyari da birki, masu inji da sanyaya shi, masu wayoyi, sai masu neman tallafi da lissafin kuɗi. Waɗannan na ƙarshe kada ku raina su, ku je sashen kasuwanci ku jawo su tun ranar farko, maki 175 suna hannunsu. Amma matsala ba a cikin rukuni take tasowa ba, a tsakanin rukuni biyu take. Mai salansa ya zana bututunsa, mai shokozoba ya zana nasa, kowanne a kwamfutarsa ya yi kyau, ranar haɗawa sai a tarar wuri ɗaya suka nufa. Saboda haka dole a samu mutum ɗaya da cikakken zanen motar ke hannunsa, ba wanda zai matsar da rami ko na milimita biyu ne sai ya sani. Kuma shugaban ƙungiya daban, shugaban fasaha daban. Idan kuka ɗora wa mutum ɗaya duka biyun, kafin ƙarshen zango ko dai motar ta tsaya ko karatunsa ya tsaya.

Sannan ku sa ranar rufe zane, ranar da daga ita ba mai ƙara dabara. Akwai wani irin ɗalibi a kowace ƙungiya, mai kaifin ƙwaƙwalwa ne kuwa, wanda kullum zai zo da sabuwar hanyar rage giram ɗari biyu. Ku ce masa madalla, a rubuta, motar baɗi ce. Abin da kuke nema shi ne motar ta taka ƙasa da ƙafarta aƙalla wata biyu kafin gasa.

Bari in gaya muku dalilin da nake nanata wannan. A shekarata ta biyu a ƙungiya, mun gama haɗa motarmu saura kwana huɗu mu tafi. Gwajin da muka yi bai wuce zagaye kaɗan a wurin ajiye motoci ba. Muka tsallake binciken alƙalai, muka shiga tseren juriya, direbanmu na farko ya yi kilomita 11 ɗinsa lafiya lau, har muna rungumar juna. A tsakiyar tseren doka ta ce a tsaya, a kashe inji, a canza direba cikin minti uku, sannan motar ta tashi da kanta, ba turi. Direba na biyu ya zauna, aka ɗaure masa bel, ya danna maɓalli. Sai muka ji "ƙyat". Ya sake dannawa, "ƙyat". Fankar lagireto da famfon mai sun shanye ɗan ƙaramin batirin da muka zaɓa don rage nauyi, ga inji ya yi zafi. Ba mu taɓa gwada tayar da shi da zafi ba, ko sau ɗaya. Aikin wata tara, muna tsaye a bayan igiya muna kallo, ba halin taɓawa. Har yau idan na ji wannan ƙarar a kowace mota sai gabana ya faɗi.

Binciken alƙalan da na ambata, shi ma ku yi wa kanku shi a gida. Za a ɗora motar a kan wani faifai da direba mafi tsayi a ciki, a karkata ta har digiri 60 a ga ko mai ko ruwa zai zubo, a kuma ga ko za ta kife. Za a auna ƙarar salansa. Za a sa direba ya taho da gudu ya taka birki, sai tayoyi huɗu sun kulle gaba ɗaya. Kuma kowane direba sai ya fice daga motar cikin daƙiƙa 5, daga zaune a ɗaure, hannu a kan sitiyari, har ƙafafunsa biyu su taɓa ƙasa. Wannan na ƙarshe atisaye ne kawai, ku riƙa yi da agogo kuna dariyar juna.

Wasu sun tambaya game da motar lantarki. E, can gasar ta karkata, Jamus ta buɗe rukuninta tun 2010, kuma a 2023 ɗaliban ƙungiyar AMZ na ƙasar Suwizalan sun kai kilomita 100 a awa daga tsaye cikin daƙiƙa 0.956. Amma batirin da dokar ta yarda ya kai volt 600 ba abin koyo da lalube ba ne, yana kisa. Wannan darasi ne mai zaman kansa, sai mun zo da wanda ya ƙware.

Abu na ƙarshe, ku sayi babban littafi ku ajiye a gareji. Duk shawarar da kuka yanke, ku rubuta dalili. Alƙalan zane injiniyoyi ne daga masana'antar motoci, tambayarsu ɗaya ce, "me ya sa?" Idan amsarku ita ce "haka muka ga wasu sun yi", kun zubar da maki. Kuma ku da kuka iya, baɗi ko baɗin baɗaɗa za ku kammala karatu ku tafi, littafin nan ne zai zauna da ƙannenku.

Aikin gida kafin mako mai zuwa: ku karanta sashen shasi a littafin dokoki, ku haɗa kujerar katakon nan, ku turo mini awon direbobinku biyu. Da su za mu zana ƙarfen kariya na baya tare a allo. Ga alama masu yankan fayif sun gama, bari in je in ga abin da suka ɓata. Sai mun haɗu.