Yuro 1,400 don kawai kiɗa na sarƙewa? A'a wallahi

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da iskar nan, a bakin ruwa nake a Hambug, kuma raina a ɓace yake. Wani ƙanena ɗan Zangon Kumasi ne FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, ke yi masa ƙaraf-ƙaraf da ya loda fiyano da ganguna. Ya je wani shago, mai shagon ya ce sai dai ya sayi sabuwar laftof ta yuro 1,400. Yaron da ke wanke kwanuka a gidan abinci! Na ce kawo ta nan, ɗan'uwa, ko sisi ba za ka kashe ba.

Ina buɗewa na ga ko ASIO, wato draiban sauti na masu aikin kiɗa, bai zaɓa ba, draiban Windows yake amfani da shi. ASIO ɗin nan fa a garin nan aka ƙirƙiro shi, kamfanin Steinberg, masu manhajar kiɗa ta Cubase. Idan ba ka da sawunkad, wato na'urar sauti da ake jonawa da kwamfuta, akwai FL Studio ASIO a ciki, akwai ASIO4ALL kyauta. Ni dai sawunkad ɗin Focusrite ƙarama nake da ita, ta hannu ce, yuro 70.

Sai bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke ɗiba ta sarrafa a lokaci guda. Kamar ɗiban ruwa ne: in bokitinka ƙarami ne, sai ka yi ta safa da marwa har ka gaji. To haka kwamfutar ke gajiya in bafa na 128. In kana haɗa kiɗa, kai shi 512 ko 1024. A saitin 44,100, wato yawan samfurin sauti a sakan ɗaya, bafa 512 jinkirinsa bai kai milisakan 12 ba. Amma in mawaƙi zai ɗora murya da Auto-Tune mai gyara murya, sauke shi, in ba haka ba zai ji muryarsa na biyo shi a baya, ya rikice.

Kuma don Allah kada ku yi aiki a kan batir. Laftof da kanta take rage ƙarfi don ta tattala caji. Jona ta, ka sa ta a cikakken ƙarfi, ka kashe Wi-Fi da Chrome.

Wannan ne ma ke tuna min da Zoo Road. Allah sarki Kano. Yaranmu da tsohuwar HP, ga zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, NEPA ta ɗauke, janareta na ruri a ƙofa, amma su fitar da waƙar da za a kwana ana rawa da ita a biki. A nan wuta ba ta ƙiftawa, amma na rantse ban ga mai kunnen yaran nan ba. Shayin bakin situdiyo kuwa, kada ma ku tuna min.

Gargaɗina ɗaya: ku rabu da manhajar sata. Na ga wanda ƙwayar cuta ta cinye masa aikin shekara guda. FL Studio in ka saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada.

In kuma dole sai ka kashe kuɗi, SSD da RAM giga 16 za ka nema. Amma ka tambaya kafin ka biya, don yawancin siraran nan RAM ɗinsu a like yake, ba ya ƙaruwa. Bari in gudu, jirgina ya kusa, sai bidiyo na gaba.