Ƙaramar gona ko babba: wacce ta fi barin alkama a ƙasa?

Jama'a, assalamu alaikum. Alkamar da muka sani a ƙasarmu ta rani ce, ana shuka ta lokacin sanyi, ana ba ta ruwa. Amma a tsaunukan Habasha, wajen Arsi da Bale, da Maroko, da Ostireliya, ruwan sama kaɗai take sha, kamar yadda hatsinmu yake a nan Maraɗi. Tambayar da masana suka daɗe suna yi a kanta, tambaya ce da ta shafi kowane mai gandu: girman gona yana ƙara giɓin amfani ko yana rage shi?

Mu fara da giɓin kansa. Akwai abin da gona za ta iya bayarwa da ruwan da Allah Ya saukar, in iri mai kyau ne, taki ya isa, ba ciyawa, ba cuta. Akwai kuma abin da manomi ya kai rumbu. Tazarar da ke tsakani ita ce giɓi. A 1984, wasu masana biyu a Kudancin Ostireliya, French da Schultz, suka fitar da lissafi mai sauƙi: a cire milimita 110 daga ruwan da shuka ta samu, don wannan rana ce ke shanye shi daga ƙasa, sauran kuma kowace milimita tana iya ba da kilo 20 na alkama a eka guda, wato mita 100 sau mita 100. Ruwa milimita 300 ke nan zai iya ba da kilo 3,800. Wanda ya girbe kilo 2,000, ya bar 1,800 a gona.

Tun a 1962 masanin tattalin arziki Amartya Sen ya lura cewa a Indiya ƙananan gonaki sun fi manya ba da amfani a kowace eka. Dalilan a fili suke, kuma duk wanda ya taɓa kwatanta gandu da gamana ya san su.

Ɗauki taki. Alkama tana cin kilo 25 zuwa 30 na sinadarin azot, wato abincin shuka da ke cikin taki, kafin ta ba da tan guda. Buhun ure mai kilo 50, azot ɗin da ke ciki kilo 23 ne kawai. To mutum yana da buhu biyu. In gonarsa rabin eka ce, daidai yake da kilo 92 a eka, alkama ta ƙoshi. In ya watsa buhunan nan biyu a eka uku, kowace eka ta samu kilo 15 da ɗan ɗori. Ganye zai yi rawaya, tushe ba zai yi ƴaƴa da yawa ba, zangarniya ta fito gajera. Aljihu ɗaya ne, gonar ce ta fi ƙarfinsa.

Haka lokaci. A Habasha ana huɗa da shanu biyu, kuma sai an kai uku ko huɗu ana bi kafin shuka. Mai ƙaramin fili ya gama cikin kwana biyu. Mai babba yana ta fama, ɓangaren ƙarshe ya makara da sati biyu ko uku, ya zo cika ido bayan ruwa ya ɗauke, ƙwaya ta motse. Noman ciyawa ma haka: wata na farko ne ciyawa ke yi wa alkama mummunar ɓarna, kuma hannun iyali ba ya isa ko'ina a lokaci guda.

Akwai kuma bakin gona. Layin gefe ya fi samun haske da sarari, kuma nan ne idon mai gona ke fara sauka. A fili mai mita 20 sau 20, zagayen mita guda na gefe ya cinye kashi 19 cikin ɗari na filin. A eka cikakkiya, kashi 4 ne kawai.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara, don wani ɓangare na wannan fifiko a baki yake, bai kai rumbu ba. Binciken da masana Desiere da Jolliffe suka wallafa a 2018 kan gonakin Habasha ya nuna cewa in an tambayi manomi, ƙaramar gona ta yi fice, amma in aka yanke aka auna a sikeli, fifikon sai ya ɓace. Ba ƙarya manoman suka yi ba, cike lissafi ne. Mai fili kashi ɗaya cikin goma na eka ya samu buhu ɗaya da rabi, buhu mai kilo 100, aka tambaye shi ya ce buhu biyu. A takarda, kilo 1,500 a eka ya koma 2,000. Wannan rabin buhun a gona mai eka uku, bai kai kilo 20 a eka ba.

Kuma babba ba kullum take baya ba. A Ostireliya gona ɗaya tana kai dubban eka, amma injin shuka yana gama ta a kan lokaci. Duk da haka, abin da manoman can suke girba bai wuce kusan rabin abin da ruwansu zai iya bayarwa ba, kuma babban dalili shi ne tsoron zuba taki da yawa a shekarar da ba a san ko ruwa zai tsaya ba. Wadda ta fi shan wahala, a ganinmu, ita ce ta tsakiya: ta fi ƙarfin hannun gida, ba ta kai a sayo mata tarakta ba, sai ƴan ƙwadago da jiran layin haya.

In kana son sanin giɓin gonarka, kar ka dogara da ƙirgen dame ko tiya. Ka sa a auna filin da GPS na waya, a bi iyaka da ƙafa. Lokacin girbi, ka shiga aƙalla mita biyu daga gefe, ka ja igiya mita 5 sau 5 a wuri uku, ba inda ya fi kyau kaɗai ba. Ka yanke, ka sussuke, ka bari ya bushe sosai, don ɗanyen hatsi ruwa ne kake aunawa. Ka haɗa ukun ka raba uku, ka ninka sau 400. Kilo 4 ya zama kilo 1,600 a eka. In hatsi ne ko dawa, da yake ramukansu na da tazara, ka ja mita 10 sau 10, ka ninka sau 100, kuma ka yi na gandu daban, na gamana daban.